Zuwa Badar Neman Ciyawar Tarin Inna

Fita

Ƙarfe biyar saura kwata na fito daga gidanmu a unguwar Harra ta Gabas a Madina, riƙe da bokiti. A bakin ƙofa mukayyif ɗin Malam Adamu tela, wato na'urar sanyaya ɗakinsa da ke samanmu, ta ɗiso mini ruwa a ƙeya. Shekara biyu muna rigima kan ɗigon nan. Na yi tsaki na wuce.

Tarin Inna ne ya tayar da ni. Tana shan maganin asibiti, amma ba abin da ke kwantar mata da ƙirji kamar shayin zahratul hawashi, wata 'yar ciyawa mai shuɗin fure. Baba Haruna mai kula da gonar dabino a Badar ke aiko mana. Jiya ya bugo waya: mai gona zai binne magudanar da take tsirowa, ya ja bututu.

Hanya

Direba Usman, Bahaushen Sudan, ya leƙa bokitina.

"Kilomita ɗari da hamsin saboda haki, ya akhi?"

"Kai dai ja mu je."

Mun yi asuba a gidan mai. A shingen 'yan sanda aka duba igamarmu, wato takardar izinin zama, aka ce mu wuce.

Badar

Bakwai da rabi muka isa. Ko shayi ban ƙarasa ba na nufi magudana. Kai! Ga ta shar, furanni sun rufe bakin ruwa. Murna kamar na yi rawa.

Baba Haruna ya ce a inuwa ake shanya ta, a jiƙa a ruwan zafi don tari, a wanke ƙaiƙayi da ragowar. Na ce sau uku ina shuka ta tana mutuwa.

"A ina?"

"A tukunya, saman soro."

"Haba ɗana! Zogale ka ɗauke ta? Inuwa take so, da inda ruwa ke ɗiga dare da rana."

Na dafe ƙeya. Wallahi na san wurin!

Ya ciro mini tushe shida da taɓonsu, ya rufe da jiƙaƙƙen buhu. Na rungume bokiti har Madina, Usman na ta dariya.

Gida

Ɗaya da kwata na sauka, sai ga Malam Adamu bisa tsani da dogon tiyo a hannu, zai karkatar da ruwan mukayyif.

"Yau dai na huta da bakinka," in ji shi.

"Malam, don girman Allah sauko! Bar shi ya ɗiga."

Ya dube ni, ya dubi bokiti. Na ba shi labari, kunya kamar ƙasa ta tsage.

"Ta Hajiya ce? Tayyib, miƙo cebur."

Shi ya haƙa ramin a ƙarƙashin ɗigon. Biyu sun mutu, huɗu sun kama, Alhamdulillahi. Na gode wa Baba Haruna da Usman. Malam Adamu kuwa, ko zai yi tafiya ba ya kashe mukayyif sai ya leƙo ya nemi izinin Inna.