Tatsuniyar da Barakatu Ta Yi da Rana Tsaka

Mazan gidan Sahabi na Jiga Makera sun hana 'yarsu Hussaina tafiya karatun likita. Wai a zuri'arsu ba a taɓa yin macen da ta fita neman ilimi ko aikin albashi ba. Ƙarya ce tsagwaronta.

Kakarsu Barakatu ta fita, tun zamanin Turawa. Ta sauke Alƙur'ani a gaban mahaifinta, ta zurfafa a littattafan fiƙihu har maza kan aiko mata tambaya ta bakin matansu. Da aka zo neman mata masu karatu da za a koya wa boko da aikin lamba, wato 'yar tsagar da ake yi a dantse don kare mutum daga agana, ita ta ce za ta. Ta san agana. Ƙannenta biyu cutar ta ɗauke, ta bar wa uwarsu zanzana a fuska.

Mijinta Sahabi, manomin albasa, ya bar ta ta yi shekara biyu a birni. Ran kasuwar Jega kuwa ya sha tsiya wurin mahauta.

"Mijin malama, wa ya dama maka hura yau?"

"Ni na dama abata," in ji Sahabi, "kuma ta hi ta gidanka gardi."

Da Barakatu ta gama karatun, Baturen likita ya ce sai ya gwada ta. Ya tura ta Sarandosa, inda mai lamba namiji ya je sau uku bai ga yaro ko ɗaya ba. In ita ma ta dawo hannu wofi, babu aiki, kuma ba za a ƙara ɗaukar mace ba.

Mutanen garin suna da dabara: da an hango mai lamba, sai a jefa yara cikin rumbunan gero a rufe. Namiji iyakarsa zaure, bai taɓa ganewa ba. Barakatu kuwa ta yi sallama ta shige har tsakar gidan mai gari, da akwatin maganinta a ka, da 'yarta a goye. Tsit. Ga kaskon wasan yara a ƙasa, tuwon ƙasar da ke ciki ko bushewa bai yi ba.

Tsohuwar gidan, Goggo Yari, ta tare ta. "Babu ɗiya gidan ga. Duk sun tahi biki Maiyama."

"Allah ya maido su lahiya, Goggo. A ba ni ruwa in sha."

Ta zauna a inuwar rumbu, ta sha ruwa, ta gyara murya, ta ɗaga ta sosai: "Ga ta nan, ga ta nanku!"

Goggo Yari ta dafe ƙirji. "Ke! Tatsuniya da rana tsaka? Wa ya rene ki?"

Ba ta rufe baki ba, rumbuna uku suka amsa a tare: "Ta je ta komo!"

Wata amarya da ke daka ta saki taɓarya, ta durƙushe tana dariya. Sauran matan suka kama. Goggo ta yi ta cije leɓe, daga bisani ita ma ta fashe har da hawaye, tana zagin jikokinta ɗaya bayan ɗaya da sunayensu.

Barakatu ba ta taɓa murfin rumbu ba. Ta nuna tabon dantsenta, ta kwance goyo ta nuna na 'yarta, ta ba su labarin ƙannenta. Tsohuwa ta daɗe tana murza tabon jaririyar da yatsa, sannan ta miƙa nata hannun. "Hwara da ni. In mutuwa ce, ni na ga duniya."

Aka yi mata, ba ta mutu ba. Yara na ta ihu daga ciki a ci gaba da tatsuniya. Barakatu ta ce sai wanda ya sauko. Suka sauko fari fat da ƙaiƙayi, suna atishawa. Ta yi musu lamba ɗaya bayan ɗaya, ta riƙa jan labarin kura da gizo tana ƙara masa rassa, don kowa ya zauna maganin ya bushe kafin wata uwa ta goge shi da lemon tsami don ta kashe ƙarfinsa. Kafin la'asar, matan maƙwabta da kansu suke jawo nasu.

Aiki ya tabbata. Shekara ashirin ta yi tana zaga ƙauyuka daga Dangamaji har bayan Aliero, Sahabi na kora jakin da ke ɗauke da akwati in aikin gona ya yi sauƙi, yana gaya wa duk wanda ya tsaya cewa malamar nan tasa ce. Mahautan da suka yi masa tsiya, a ƙofar gidansa suka yi layi da 'ya'yansu shekarar da agana ta ɓulla a Jega.

To, Alhaji Lauwali, kai ne babban gidan yanzu, kuma a cinyar matar nan aka yi maka aski ran suna. Kai da ƙannenka ku fito da takardar shiga makarantar Hussaina daga inda kuka ɓoye ta, ku sa hannu, ku kai yarinyar nan tasha kafin a rufe karɓar ɗalibai ran Litinin.