Abin da Na Rubuta a Buhun Shinkafa

Akwai wata Laraba da ban taɓa mantawa da ita ba, kuma ba na jin zan manta har a rufe ni da ƙasa. Shekara huɗu ke nan, saura kwana goma a kama azumi. Ku da kuka shigo aikin tasha a bayana nake ba wannan labari, don na ji kalmar nan ta sake dawowa bakinku. Ni ba malami ba ne. Aji huɗu na yi a lakwal, makarantar boko, aka cire ni, abin da na fito da shi kawai iya rubuta suna da lamba. Da shi nake ci har yau, kuma da shi na cuci kaina.

Shekarata ashirin da uku ina kamasho a Konni, layin Tajaye da Illela, Illelarmu ta Nijar, ba ta tsallaken iyaka ba. Ga wanda bai san tasha ba, a sama akwai sandika, ƙungiyar masu motoci. Kowane layi da shugabansa, a ƙarƙashin shugaban layi sai kamasho. Direba tuƙi ne nasa. Kamasho ke kiran fasinja, ya yanka tikiti, ya zaunar da kowa, ya tsaya a kan lodi har a ɗaure igiya. Shi ne kuma mai sa wa kaya shaida.

Shaidar nan ita ce tushen maganata. Ran Laraba, ranar kasuwar Konni, sai ka ga buhun shinkafa goma iri ɗaya a kan motar hiyas guda. Idan ba a rubuta komai a jiki ba, a hanya za a yi faɗa. To namiji sai ka tambaye shi sunansa ka rubuta da maka, alƙalamin nan mai kaurin baki. Mace kuwa, yadda muka tarar da aikin, ba a tsayar da matar mutane cikin maza a ce mata mi sunanki. Sai ka rubuta garinta ko abin da idonka ya gani: Ta Tsarnawa, Mai Goyo, Jan Mayafi. Direba ya duba ya sauke. Haka muka yi shekara da shekaru babu wanda ya ce uffan.

Da waya ta cika hannun samari, 'yan ci-rani kuma suna dawowa daga kudu da sabon baki, sai wasu sunaye suka shigo tasha. Cikinsu har da Shuga Mami. Kada in yi muku ƙarya in ce ban san abin da ake nufi ba. Na sani sarai. Mace ce da ta haifa, ta manyanta, amma jikinta bai daina jan idon maza ba, kuma a ƙarƙashin maganar ana nufin ba za ta ƙi saurayi ba. Mun riƙa faɗinta muna dariya, muna cewa yabo ne.

Wadda sunan ya fi bi a layinmu wata mata ce daga Tajaye. Mijinta ya rasu, tana da ɗiya uku a raye. Duk Laraba tana zuwa da motar farko, ta sari sabulu da magi da man gyaɗa da taliya, ta koma da motar la'asar ta sayar a ƙofar gida. Doguwa ce, ba ta da hayaniya, ba ta neman ragi da ihu kamar sauran. In ta ce maka bai yi ba, to bai yi ba ɗin.

Ni kuma a lokacin shekarata biyu da rasa matata Balki. Yaran suna wurin ƙanwata a Malbaza, ni ina kwana ɗaki guda da rediyo. Wata rana ina yankar mata tikiti sai ta dubi rigata ta ce, "Kamasho, wanga aljihu sati uku ina ganin shi a yage. Babu mai ɗinke maka?" Na ce babu. Laraba ta gaba ta miƙo mini allura da baƙin zare a ƙunshin takarda, da ƙuli-ƙuli a leda, ta ce, "Ga shi, kai ma kana da hannu."

Tun daga nan nake riƙe mata gidan gaba, wajen taga. Ko jandarma ya zo da kakinsa sai in ce an kama. Duk tasha ta gane. Har na je Malbaza na sami yayana na ce masa bayan Sallah ina so ya shirya, za shi Tajaye nema mini aure. Ya ce, "Wa ke nan?" Na buɗe baki, sai na ga ban san sunanta ba. Shekara uku ina rubuta Ta Tajaye. Na ce masa zan bincika.

Ranar da nake ba ku labarinta, ta zo da buhun shinkafa babba, abin da ba ta saba saye ba. Ta ce matar ɗanta na fari ta haihu, jibi Juma'a suna. Na yi mata barka. Sai ga wasu mata biyu su ma na Tajaye, kowace da buhu irin nata sak. Na rubuta wa ta farko Ta Tajaye, ta biyu Mai Goyo. Na tsaya a kan nata da maka a hannu.

Haruna direba yana saman mota yana karɓar kaya. Ya leƙo ya ce, ba da ƙarfi ba, daidai kunnen maza, "Ilu, mi kake jira? Sa Shuga Mami, kowa ya san ta. Ko hannunka ya mutu don ta gidan gaba ce?"

Masu lodi suka kwashe da dariya. An daɗe ana tsokanata da ita, kuma ban so a ce na yi laushi. Iyakar dalilina ke nan, babu wani. Na duƙa na fara rubutu. Buhun yana lanƙwashewa, sai ita da kanta ta tsuguna ta ja bakinsa da hannu biyu ta miƙar mini da shi don rubutun ya fita da kyau. Ba ta yi lakwal ba. Na rubuta da manyan baƙaƙe, daga wannan gefe zuwa wancan.

Ta ce, "Yau rubutun da tsawo. Mi ka sa?"

Na ce, "Sunanki."

Ta ɗago ta dube ni. Ta ce, "Ashe ka san sunana?" Ta yi murmushi, ta gyara mayafi, ta shiga mota. Ban taɓa ganin ta yi mini irin wannan murmushi ba, kuma ban sake gani ba.

Laraba ta gaba ba ta zo ba. Na ce hidimar suna ce. Ta biyu, muna cikin azumi, wajen hantsi, ina zaune a teburina ƙarƙashin rumfa sai na ga an ajiye buhu a gabana, babu komai ciki, an ninke shi gida huɗu. Na ɗaga kai, ita ce. Babu kwando, babu jakar sari.

Ta ce, "Buɗe ka karanta min. Da bakinka nake son ji."

Na kasa. Na ce, "Hajiya, wasa ne na tasha."

Ta ce, "Ban je Makka ba, kada ka ƙara min wani sunan. Karanta."

Shugaban layinmu, Alhaji Ada, dattijo ne da ya yi tuƙi tun kafin a haifi yawancinku, ya taso daga bencinsa ya ce a shiga buro, ofishin layi. Muka shiga mu huɗu, shi da ni da ita da Haruna. Ya ba ta kujera, mu ya bar mu tsaye.

A nan ta faɗi abin da ya faru. An jingine buhun a zaure ranar suna, rubutun yana kallon masu shigowa. Samarin da suka dawo ci-rani suka gani, suka fara taɓa juna. Wani ya ɗauki hoto da waya. Dangin matar ɗanta suna wurin, sun zo daga Alela. Kafin a gama rabon goro magana ta zaga gida, kafin la'asar yara suna bin ta da sunan a hanyar rijiya. Da baƙi suka watse, ɗanta, uban jaririn, ya same ta a ɗaki ya ce, "Inna, mi kike yi Konni da har aka san ki da wannan?"

Ba ta yi kuka ba. Da ta yi kuka da ya fi mini sauƙi.

Haruna ya ce, "Alhaji, wallahi ba zagi ba ne. Yabo ne. Ana nufin ba ta tsufa ba, har yanzu da sauranta."

Ta juya wajensa ta ce, "Da saurana na mi? Hwaɗi mana, da saurana na mi? Na haifi biyar, na rufe biyu, na rufe ubansu. Da sabulun nan na aurar da wanda ke tambayata yau. Duk kun dubi wannan, abin da kuka gani ke nan?"

Haruna ya sunkuyar da kai. Alhaji Ada ya ce masa, "In yabo ne, tsohuwarka na nan da rai. Ran da ta zo da kaya, kai za ka riƙe buhun, Ilu ya rubuta." Haruna ya ce, "Haba Alhaji." Alhaji ya ce, "To ka ji."

Sai ta dubo ni. Ta ce, "Shi wannan yaro ne a wurina, bakinsa ne. Kai fa? Ni na riƙe maka buhun. Kwana biyu ina murna, ina cewa mutumen ga ya je ya tambayi sunana, ashe da gaske yake." Ta miƙe. A bakin ƙofa ta tsaya ta ce, "Sahiya. Sunan da ubana ya yanka min rago ke nan. Da ka tambaya da na gaya maka."

Alhaji ya dakatar da ni Laraba biyu, Haruna ɗaya. Ya kuma kafa doka a layinmu wadda kuke bi yau ba ku san mafarinta ba: kamasho ya tambayi mai kaya, mace ko namiji, abin da za a rubuta, in ya gama ya karanta masa da ƙarfi kafin a ɗora. Wasu cikinku suna cewa ɓata lokaci ne. Daga buhun nan ta fito.

Bayan Sallah na je Tajaye da yayana, ba neman aure ba, ban haƙuri. Ɗanta ya tarbe mu a zaure, a zauren nan dai. Na gaya masa a gaban dattawan unguwa cewa ni na rubuta, uwarsa ba ta san abin da ke jiki ba, kuma shekara uku ban taɓa ganin ta tsaya da wani namiji a Konni ba sai ciniki. Ya ce ya ji. Aka kawo mana ruwa. Ta aiko daga ciki cewa ta yafe, Allah ya yafe mu gaba ɗaya. Ba ta fito ba. A hanyar dawowa yayana ya ce, "Waccan maganar fa?" Na ce ya bar ta. Da wace fuska?

An ce mini sunan bai bar ta a garin ba sai da aka shekara. Konni kuwa ba ta sake takowa ba. Maƙwabciyarta, wadda na rubuta wa Mai Goyo, ita ke yo mata sari yanzu.

Ga abin da na koya, ku ɗauka ko ku bari. Maganar tasha ba ta zama a tasha. Mu muna ganin mace minti goma, mu yi dariyarmu, mota ta tashi. Ita kuwa gida za ta, inda take uwar wani, surukar wani, kakar wani, kuma abin da muka liƙa mata yana sauka tare da kayanta. Kuna cewa ai yabo ne. Ni dai ban taɓa ganin wanda ya iya karanta wa mai shi wannan yabon a fuskarta ba. Ni an ba ni dama, an ajiye shi a gabana, na kasa. Matan da ke hawa motocinmu da asuba su ne ke riƙe da gidajen ƙauyukan nan, mazan suna kudu rabin shekara. Ba su zo don a auna su da ido ba.

Na gaji da aikin nan, gwiwoyina sun gaji, amma Laraba ba na fashi. Maƙwabciyar tana zuwa da buhu babu komai ciki, wanda za a zuba sarin, an riga an rubuta a jikinsa tun daga gida da hannun ɗiyar Sahiya mai zuwa lakwal: Sahiya, Tajaye. Ba a bar mini wurin da zan sa maka ba. Ba na bari masu lodi su taɓa shi. Ni nake ɗaga shi da kaina, in sa shi can sama inda ba za a danne sabulun ba, in ja tampol in rufe. Na taɓa ce wa maƙwabciyar ta gaishe mini da Sahiya. Sati na gaba ta ce ta amsa. Iyakarta ke nan.

Gidan gaba kuwa har yanzu shi nake sayarwa a ƙarshe. Sai mota ta cika, direba ya yi ta danna oda, na duba bakin tasha sau ɗaya, sannan in kira wanda ke tsaye in ce ya shiga.