Malam Lanƙwasa, Wanda Aka Kulle wa Ɗaki

Shekara ashirin da bakwai, kafin masu shara su gama, ya riga ya buɗe ɗakinsa na can ƙarshen barandar asibiti. Ya ɗora ruwan ɗumi, ya jera kayan aikinsa: farantin wake, ƙwallon roba, tsohon tawul. Likitan gashi ne, mai koya wa hannun da ya ji rauni motsi, amma kowa Malam Lanƙwasa yake ce masa, don bakinsa ba ya rabuwa da "lanƙwasa, miƙe, sake."

Mai tiyata ɗinki yake yi ya wuce. Malam ne yake zama da hannun wata da watanni har ya tuna aikinsa. Wani kafinta da zarto ya yanke wa jijiya ya yi kuka a gabana, ya ce a ƙyale shi haka.

"Ƙato da kai, mai faɗa da katako, ƙwayar wake ce za ta kayar da kai?" in ji Malam. "Tsinto min goma ka tafi."

Yau kafintan yana shagonsa yana sassaƙa ƙofa.

Malam, kai ne ba ka ƙyamar hannun da ya ƙone. Kai ne kake sa babba hawaye, gobe ya dawo yana godiya.

To ku ji abin da aka yi masa. Sabon shugaban asibiti ya leƙo, ya ga manya suna tsintar wake suna matse tawul, ya ce wannan wasan yara ne, ba magani ba. Ko mutum ɗaya bai tambaya ba. Aka miƙa wa Malam takardar ritaya, ba a kawo wani ba, aka cika ɗakin da karyayyun gadaje.

'Yata tela ce. Gilashi ya tsage mata tafin hannu. Sati uku ta samu a wurinsa, saura tara. Yatsu biyu sun fara ƙandarewa. Ranar da zai tafi ya riƙe hannun, ya daɗe yana dubawa.

"Baba, zai buɗe?" ta ce.

"'Yata, kada ki bari ya wuni bai motsa ba."

Bai ce zai buɗe ba. Malam ba ya ƙarya.

Sau huɗu ina kai kuka ofishin shugaban, amsarsu ɗaya ce: "Iya, ki rubuto." Sun san ban yi boko ba. To ga shi an rubuta min, su karanta!

Malam, mun gode, kuma mun ji kunyarka. Allah ya saka maka, tunda mutane sun kasa. Ku masu karatun aikin asibiti, ko ɗaya a cikinku ya je ya zauna gaban dattijon nan ya koya tun yana da ƙarfi. Ku kuma da ya tayar wa hannu, takardar koke tana wurina, ku zo ku dangwala yatsa.

Ban sa rai masu ofis za su saurara ba. Jiya almakashi ya suɓuce wa 'yata. Ta tsaya tana kallonsa a ƙasa, ko sunkuyawa ba ta yi ba.