Jar Motar Baba Amidu

Duk wanda ya daɗe a Zongon Lome ya san Baba Amidu, direban motar gawa ta masallacin unguwarsu. Mutum ne siriri, marar yawan magana, mai wanke hannu kafin ya taɓa sitiyari. Yana da wata ƙa'ida da babu malamin da ya koya masa: ba ya ja da baya da gawa a mota. In zai ɗauki mamaci, da baya yake shiga lungu tun motar babu kowa, don ya fito da gaba. Yakan ce wanda ya kama hanyar maƙabarta ba a mayar da shi.

Ranar da matarsa Kubura ta rasu, shi ya tuƙa ta. Wata tirela ta lalace a hanyar Agoè-Assiyéyé, ta toshe gaba. Da ya ja baya kaɗan, da ya sami lungun ratsewa. Ya ƙi. Suka tsaya cikin rana har la'asar ta wuce, tana kwance a bayansa, 'yan rakiya suna gunaguni. Bai ƙara zancen wannan rana da kowa ba.

Da gwiwa ta hana shi tuƙi, 'yarsa Rahinatou, mai sayar da atamfa a kasuwar Adawlato, ta sa masa wani wasa a waya don rage zaman kaɗaici. Motoci ne a cunkushe cikin shinge, kowace gaba da baya kawai take yi. Aikin mutum ya matsar da su har wata jar mota ta sami ƙofa ta fita. Wasan ya yi masa daɗi ƙwarai. Yakan zauna a benci a ƙofar gida yana yi wa motocin faɗa kamar 'yan tasha, yana dariya shi kaɗai.

Sai ya kai wani mataki inda doguwar mota ta gitta a gaban jar, ga kuma fili a bayanta. Dariyar ta ɗauke. Damina ta zo ta wuce yana kan wannan mataki. Wani lokaci yakan ɗaga kai kamar mai duba madubin mota, ya ji ƙanshin turaren likkafani a iska.

"Baba, ka ja ta baya mana," in ji Rahinatou. "Ko yaron goye ya gani."

"Na gani tun ranar farko."

"To me kake jira?"

"Akwai mutum a ciki."

Ta so ta yi dariya, amma da ta dubi fuskarsa sai ta fasa.

Ana nan batirin wayar ya kumbura har ya ɗaga murfin. Mai gyara ya ce ta kusa mutuwa, kuma sabuwa daga farko za ta ɗauko wasan. Rahinatou ta kawo saƙon da hantsi. Baba Amidu ya daɗe yana kallon wayar. In ta mutu, jar motar za ta tabbata a bayan doguwar, cikin rana, babu mai zuwa fitar da ita.

Ya sa aka kawo masa buta, ya wanke hannu. Ya gyara hula.

"Ki yi haƙuri, Kubura," ya ce a hankali. "Kaɗan ne, ba gida za mu koma ba."

Ya ɗora yatsa ya ja ta baya. Ya matsar da wata ƙarama, ya ture doguwar gefe. Hanya ta buɗe. Bai fizge ta ba, a sannu ya kai ta ƙofa, yadda ya saba tafiya da makara. Ta fita, ta ɓace.

Wayar ta yi ɗan kiɗanta, sababbin motoci suka cika shingen, da wata jar a tsakiya. Ya kife ta a kan benci.

"In ɗauko maka ruwa, Baba?"

"Bari tukuna," ya ce. "Yanzu na sauke ta."