Kalmar da Yaya Ya Zo da Ita Daga Hartum

Shekarar da yayana ya dawo Gadarif hutun jami'a, ana tsakiyar yankan dawa, ya zo da wata kalmar Turanci a bakinsa. Kullum bayan la'asar sai ya sa jallabiya mai guga, ya ce da ni, "Za ni hang out da samari," ya fice.

Baba direban tarakta ne a gonakin Gadambaliya, kuma ba ya son abin da bai san kansa ba. Ran nan ya kira ni, da yake ina sakandare a lokacin.

"Ke, wannan hangawut da yayanki yake zuwa, a wace unguwa take?"

Na ɗauko ƙamus na duba masa. Na ce kalmar farko rataya ce, ta biyu kuma waje, har ana faɗinta in za a shanya wanki.

"Shanya?" in ji Baba. "Yaron da ko hularsa bai taɓa wankewa ba?"

Daga nan zargi ya shige shi. In Yaya ya dawo, sai Baba ya matso kusa da shi kamar zai gyara tabarma, alhali shinshinar bakinsa yake yi. Inna kuwa cewa ta yi sunan yarinya ne. Da na tambayi Yaya, dariya ya yi, ya ce zama ne kawai da abokai ba tare da wani aiki ba, kuma wurin zaman ma haka ake kiransa. Na kai wa Baba wannan bayani, ya ce wanda ake tuhuma ba ya zama tafinta.

Wata Juma'a Baba ya bi Yaya daga nesa har bayan garejin taraktoci. Can ya same su a kan benci wajen wata mai shayi, ana ta zuba gahawar da muke kira jabana, ana gardamar ƙwallo. Ya yi sallama, suka miƙe a rikice.

"Wannan ne hangawut ɗin?"

"Shi ne, Baba."

"To ai wanasa ce, hirar da kowa ke yi. Me ya sa ka canja mata suna?"

Baba ya sha kofi ɗaya, yana ta kallon wani mai lori da ya girme su duka, wanda shi kaɗai bai tashi ba.

A gida ya ce bai yarda da zaman babba cikin yara ba. Washegari ya tafi da Yaya gona, ya haɗa shi da masu ɗinkin buhu har hutu ya ƙare. Yaya ya koma Hartum yana fushi, hannuwansa duk kanta.

Kafin damina biyu daga cikin samarin nan suka bi mai lorin zuwa haƙar zinariya a arewa. Ɗaya ya dawo da ciwon ƙirji. Har yau Yaya yana rantsuwa cewa a gabansa ƙwallo kawai ake tattaunawa, ni kuma ban san wanda zan gaskata tsakaninsa da Baba ba.