Ƙofar Motar da Ke Yoyo

Tun kafin ruwan farko ya sauka a shekarar nan nake tsoron ƙirjin yaron. An haife shi ƙarami, kuma yana wata huɗu ya yi wani tari da ya kwantar da shi. A likita suka yi masa allurai, matar da ta duba shi ta ce in kiyaye shi da jiƙa, kada rigar da ta jiƙe ta bushe a jikinsa. Na riƙe maganar nan. Ko wanka na yi masa sai na ɗora kunnena a bayansa in ji yadda numfashin ke fita.

Shi ne ɗana na fari. A gidan mijina, kamar a gidanmu, mace ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa gaban manya, ba ta nuna ta damu da shi. In ya yi kuka sai ki jira wani ya ce ki ɗauke shi. Ban ga laifin abin ba, haka aka yi da ni. Sai dai ba wanda ya koya mini abin da ake yi in ruwa na zuba a kansa.

Maigidana yana da tsohuwar a-kori-kura, fara ce a da. Da rani yana ɗaukar kaya da ita cikin Damagaram, da damina kuma ita ke kai mu gona a Hamdara. Maza da buhuna a baya. Gaba mu uku: shi yana tuƙi, mahaifiyarsa a tsakiya, ni a bakin ƙofar dama da yaron a cinya. Ba wanda ya tsara zaman nan da baki. Matar ɗa ba ta zama ta manne da mijinta uwarsa na gefe, shi ke nan.

Ni da nake zama a wurin na san ƙofar sarai. Baƙar robar da ta zagaye ta ta bushe ta tsattsage kamar dunduniyar tsohuwa, a kusurwar sama kuma ta lafe gaba ɗaya, har ana hango haske ta wurin. In aka yi yayyafi, ɗigo ne ɗaya-ɗaya a kafaɗata. In ruwa ya zo da iska, zuba yake.

Na gwada cusa tsumma. Tsumman ya sha ruwa ya ƙoshi, ya riƙa ɗigo a kaina har bayan an ɗauke. A gida na ce wa maigida ƙofar nan tana shigar da ruwa. Ban ambaci yaron ba, bakina bai iya ba. Ya ce tasa ma tana yi, kuma motar ba ta da ranar hutu sai an gama noma.

Wata rana muna dawowa, ba mu kai Mirriya ba hadari ya rufe mu. Na juya wa ƙofa baya, na lulluɓe yaron da zane, na sunkuya a kansa. Ruwan ya bi wuyana, ya gangara ta hannuna, ya shiga rigarsa. Ina jin sanyin rigar da yatsuna. Inna, haka muke kiran surukata, tana kallon hanya. Sau ɗaya na ga idonta ya sauka kan zanen, sai ta mai da shi gaba. Washegari yaron ya tashi da tari.

Tafiya ta gaba, tarin bai sake shi ba, kuma ba wadda zan bar wa shi, nono yake sha. Gabas ta yi baƙi tun da safe. Na tsaya ina jira Inna ta shiga tsakiya kamar kullum, sai ta tsaya ita ma.

“Shiga, ƴar nan,” ta ce.

Na ce, “Inna, ai ke za ki fara.”

“Ƙarfen bitesin nan ya gama da gwiwata. Duk mijinki ya ja shi ya canja gudun mota sai ya buge ni. Ke mai sabon ƙashi je ki ya buge ki.”

Maigida ya ce bai taɓa ji ta yi kukan gwiwa ba. Ta ce yau ya ji. Na shiga tsakiya ina takure jikina kada kafaɗata ta taɓa tasa.

Ruwan ya same mu bayan mun bar kwalta. Inna ba ta kauce ba, ba ta ma ja mayafinta ba. Ta zauna a miƙe ruwan na sauka a kan ɗankwalinta, yana bin kumatunta, har zanenta ya manne da cinya. Maigida ya waiga ya gani, ya sake waigawa.

“Inna, ai da kin faɗa.”

“Ni yau na fara zama nan. Me zan faɗa?” Sai ta leƙo kan yaron, ta yi masa irin wasan da kaka ke wa jika. “Kai kuma ragon miji, kana kwance a bushe matarka na jiƙewa.”

Washegari motar ba ta je ko'ina ba. Ya tafi wajen masu sayar da kayan matattun motoci ya dawo da roba a naɗe kamar igiyar guga, da gwangwanin kol, wato gam, mai warin da ke hawa kai. A ƙofar gida ya yi aikin, ina kallo daga zaure. Tsohuwar robar ba ta fita a haɗe ba, ɓarɓashi ta riƙa zuba. Ya kankare tsohon kol da wuƙar yanka albasata, ya goge tsatsa da yashi a tsumma, ya wanke wurin da esansi, wato fetur. Sabuwar ta yi tsawo, ya yanke, ya bar mahaɗin a ƙasa. Ya shafa kol a ƙarfe da robar duka, ya jira har ya daina kama yatsa, sannan ya bi yana dannawa da babban yatsa.

Da kol ya kama, ya ce in shiga in zauna a wurina. Ya rufe ƙofar, ya ɗauko buta ya riƙa tsiyayawa daga kan rufi. Gefe ya riƙe, ƙasa ya riƙe. Kusurwar sama kuwa sai ga ɗigo a kafaɗata kamar da. Na ƙwanƙwasa gilashi na nuna masa. Ya ce ba zai yiwu ba, roba sabuwa ce. Inna na zaune a kan tabarma tana tsince wake, ta ce, “Wadda ke ciki ta ce yana zuba.”

Ashe saman ƙofar ne ya buɗe waje, saboda masu rataya a jikinta in za su hau baya. Ya sauke gilashin, ya tokare tsakiyar ƙofar da gwiwa, ya jawo saman da hannu biyu a hankali. Ya sake zuba buta. Na jira ɗigon, bai zo ba. Ya ƙara wata butar, na shafa robar da yatsa daga ciki, a bushe take.

Tarin ya ɗan jima, sannan ya tafi, bai kai mu likita ba. Sauran daminar yaron bai sake jiƙewa a mota ba. Inna ta koma tsakiya, gwiwar ta warke. Ban yi mata godiya ba, don godiya a nan kamar in ce na damu da ɗan fari ne, ita ma ba ta taɓa tayar da zancen ba.

In kana da tsohuwar mota kana ɗaukar iyali a cikinta, ina roƙonka, kafin damina ka shiga ka zauna a wurin da mai jariri ke zama, ka sa wani ya zuba ruwa a kan ƙofar daga waje. Kada ka jira ta gaya maka.