Furen Zogalen da Na Shanya a Rana

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, bakwai ga watan Maris, 1972, da hantsi, Allah Ya karɓi ran ɗana Uwaisu Sajo a Kano, bayan jinyar kwana huɗu ta ciwon sanƙarau. Shekarunsa ashirin da biyar. A ranar aka kawo shi Gwarzo, aka binne shi bayan la'asar.

Uwaisu, kai ne ɗana na fari, don haka ban taɓa kiran sunanka da bakina ba. "Yaron nan" nake cewa, kai kuma kana amsawa. Ban taɓa yabonka a gabanka ba, don na ɗauka yabo yana ɓata yaro. Haka na riƙe ka, haka nake riƙe 'yan matan ajin da nake koyarwa.

Aikinka ma ban yabe shi ba. Tsararrakinka sun zama malaman awon gyaɗa, ana gaishe su a tasha, kai kuwa ka shiga ɗakin gwaji a Kano kana auna fure. Ka taɓa yi mini bayani cewa a cikin furen zogale da zoɓo akwai wani sinadari mai kare jiki, irin wanda ke cikin lemun tsami har yake hana yankakken yalo yin baƙi. Ka ce kana daka furen, ka jiƙa, ka tace, sannan ka riƙa ɗiga masa wani shuɗin ruwa kana ƙirgawa, har launin ya daina ɓacewa. Yawan ɗigon shi ne yawan amfanin furen. Na saurara, na ce Allah Ya sa wannan ya ciyar da iyali.

Matan Mainika, ƙauyen da gonarmu take, sun fi ni sanin darajarka. Idan ka zo hutu kakan zauna da su wurin ɓarar gyaɗa, kana roƙonsu su rage kanwa a ganye, su daina zubar da ruwan da suka dafa zogale, su ba yara da masu jego su sha. Uwaliya, maƙwabciyar gonarmu, ta tsokane ka ta ce, "Malam mai awon fure, nawa ne mudu yau?" Ka ce, "Gwaggo, nawa awon da ɗigo ake yi, kuma ke kyauta ne." Ranar zaman makoki ta zo da jikanta a goye, ta ce da kekenka ka kai shi wurin likita lokacin da dasashinsa ke zubar da jini. Ban sani ba sai ranar.

Akwai maganar da ban faɗa maka ba, ita ta sa na ɗauki alƙalami.

Da kakar bara ka aiko mini takarda, ka aika irinta ga gwaggonka Hajjo a Dugabau ta ƙasar Kabo. Ka ce kowacce ta tsinko furen zogale da sassafe, ta shanya shi a cikin ɗaki, kada rana ta taɓa shi, don rana tana cinye abin da kake aunawa. Kana so ka gwada na ƙasashen biyu. Hajjo ba ta karatu, aka karanta mata, ta bi. Ni da na karanta da kaina, na ce tun kakanninmu a rana ake shanya komai, yaro ba zai koya mini shanya ba. Na baza furen Mainika a tabarma kusa da gyaɗa, ya yi kwana biyu a rana, na ƙulle na aika maka.

Bayan wata guda ka zo, ka durƙusa a ƙofar ɗakina, ka ce na Dugabau ya ninka namu sau biyu, kuma sau huɗu kana sake awon. Muryarka ƙasa-ƙasa ka ce, "Inna, ko dai rana ta ɗan taɓa shi?"

Na ce, "Ni kake tuhuma?"

Ka ce, "A gafarce ni, Inna." Ba ka sake tayar da maganar ba.

Ban yi ƙarya da baki ba, amma na san abin da na yi. Na tsawatar wa yara da yawa a kan abin da bai kai wannan ba. Na ce a raina zan faɗa maka idan ka zo da damina.

Jiya matarka Furera ta kawo mini littafin aikinka. Ta ce da wannan awon za ka nemi tafiya ƙaro karatu, amma ka ƙi miƙa shi, ka ce sai ka gano inda hannunka ya kuskure. Na buɗe shafin Mainika. A ƙarƙashin lambobin ka rubuta da jan alƙalami: "Kuskurena ne. A sake baɗi."

Ba kuskurenka ba ne, Uwaisu. Abokan aikinsa da za su gaji littafin nan, ku soke wannan layi, ku rubuta cewa a rana aka shanya furen, kuma uwarsa ce ta shanya. Awonsa daidai yake. Iyaye 'yan'uwana, girma ba ya halatta mana mu bar yaro da laifin da ba nasa ba. Wadda take da irin wannan magana a ciki, ta faɗe ta tun yaron yana jin ta.

Ina yi wa mahaifinsa Malam Sajo ta'aziyya, da gwaggonsa Hajjo, da Furera da 'yarsu Asiya, da mutanen Mainika da Dugabau da suka taka ƙafa suka zo. Allah Ya ba mu haƙuri.

Ya Allah, Ka jiƙan Uwaisu, Ka yalwata kabarinsa, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Ya nemi gafarata a kan abin da bai yi ba. Ni ban nemi tasa ba. Ka haɗa mu a inda zan nema.

Halima Sa'adiya Sajo
Gwarzo